Tsawon Sirdin Keke Da Lafiyar Gwiwar Manomi

Tun daga watan Mayu na 2023, sa'ad da gwamnati ta janye tallafin man fetur, kekuna da yawa waɗanda aka jingine a zaure ko bayan rumbu sun sake fitowa bisa hanya. Manomin da ya saba zuwa gona a kan babur ya zauna ya yi lissafin kuɗin mai, ya ga abin ba zai fisshe shi ba, sai ya kakkaɓe dokin ƙarfensa, ya kai wa mai faci, ya hau. Haka akawu mai zuwa ofis, haka ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye. Wannan kuwa dabara ce mai kyau, gama keke ba ya shan mai, ba ya cin dusa, ba a kuma yi masa tanadin harawa don rani.

Amma in mutum ya tsaya bakin hanya ran kasuwa ya lura da masu wucewa, zai sha kallo. Ga ƙato, dogo, ya hau keke ya tsuguna a kansa kamar mai cin tuwo, gwiwoyinsa suna tashi suna neman bugun kan keken, yana ta nishi, alhali kuwa hanyar ba hawa ba ce. Irin waɗannan mutane su ne za ka ji da dare suna kukan gwiwa, wannan ya ce tsufa ne, wancan ya ce sanyi ne ya kama shi, a aika yaro ya sayo man zafi a shafa. Sau da yawa ciwon nan daga sirdi ya ke, ya yi ƙasa ƙwarai, maganinsa kuwa sifana ɗaya ce da aikin minti biyar.

Manomi ya riga ya san wannan magana ta wata hanya. In ya je wurin masassaƙi sayen ƙotar fartanya, ba ya ɗaukar duk wadda hannunsa ya faɗa a kai. Sai ya riƙe, ya sunkuya, ya gwada, don ya san ƙotar da ta yi wa ɗansa daidai, shi bayansa za ta ci. Mai doki kuma, da ya hau na aro, abin da ya ke fara yi shi ne ya daidaita likkafa da tsawon ƙafarsa. Sunan sirdi ma ai daga doki keke ya gaje shi. To, me ya sa in an zo kan keke sai mutum ya hau shi yadda mai haɗawa ya ɗaure a kanti, ya shekara 10 a haka bai taɓa sa masa sifana ba?

Dalili ɗaya ne ya fi yawa. Mutane suna so in sun ja birki su sauke ƙafa biyu su take ƙasa sosai, suna zaune bisa sirdi abinsu, su gaisa da na hanya. To, ka tsai da kekenka, ka juya feda ta sauka iyakar saukarta, ka sa hannu ka auna tsakaninta da ƙasa. A irin manyan kekunanmu masu taya inci 28 za ka sami wajen inci 4, watau kamar faɗin tafin hannu, ko fiye da haka kaɗan. Masu ƙera keke da gangan suka bar wannan rata, don kada feda ta riƙa karo da dutse ko kututture, ko ta karci ƙasa wajen shan kwana. Saboda haka wanda ya sauke sirdi har tafin ƙafarsa ya kwanta ƙasa, ya rage wa ƙafar inci 4 ke nan daga miƙewar da ya kamata ta yi a kan feda. Sirdi da feda a ke auna shi, domin a kan feda ƙafa ta ke yini.

Kada wani ya ce inci 4 ba wani abu ba ne. Bari mu yi lissafi, akawuna su duba mana. Taya mai inci 28 in ta juya sau ɗaya ta ci inci 88 na hanya. A ce babban farantin cen yana da haƙori 46, ƙaramin na baya kuma 18, kamar yadda a kan samu a kekuna da yawa na wannan iri. Duk zagayen feda ɗaya taya za ta juya sau biyu da rabi da 'yan kai, keke ya ci gaba yadi 6 da kwata. A mil ɗaya feda za ta zaga wajen sau 280, a kilomita ɗaya kuwa wajen sau 175. Mutumin da kasuwarsa ke da nisan mil 10, zuwa da komowa kowace gwiwarsa ta lanƙwashe ta miƙe sau 5,600 ke nan, in an ɗebe ɗan abin da ya huta a gangara. In yana cin kasuwa uku a mako, lissafi ya kusa 17,000. Ɗan kuskuren da a ke maimaitawa haka mako bayan mako, dole jiki ya nuna shi.

Ga yadda abin ya ke a cikin gwiwa. Ka tsuguna har ƙasa, a aza maka rabin buhu a ka, ka ce za ka miƙe. Sa'an nan ka zauna bisa kifaffen turmi, a sake aza maka, ka tashi. Kowa ya san wanda ya fi sauƙi. Ƙarfin cinya ya fi fitowa sa'ad da ƙafa ta doshi miƙewa, yana raguwa kuma in gwiwa ta naɗe ƙwarai. Mai gajeren sirdi kullum a tsugune ya ke taka feda, ƙafarsa ba ta kai wa inda ƙarfinta ya ke, shi ya sa ya kan gaji tun bai yi nisa ba, cinyoyi su yi ta zafi. Ban da wannan, akwai ƙoƙon gwiwa, ɗan ƙashin nan na gaba wanda babbar jijiyar cinya ta bi ta kansa ta sauka ƙwauri. Gwargwadon yadda gwiwa ta lanƙwashe a ƙarƙashin nauyi, gwargwadon yadda jijiyar ke danne ƙoƙon a kan ƙashin cinya yana guga. Don haka ne ciwon gajeren sirdi a gaban gwiwa a ke jinsa, kewaye da ƙoƙo. Ga manomi kuwa wannan babbar hasara ce, gama gwiwar da ya ke taka keke da ita, da ita zai sunkuya noma da cirar gyaɗa.

AWON DUNDUNIYA

Hanyar awo mafi sauƙi ba ta bukatar kome sai bango da sifana. Ka jingina keke kusa da bango a wuri mai shimfiɗa, ko ka sa wani ya riƙe maka kansa. Ka sa takalmin da ka saba tuƙi da shi, domin kaurin takalmi ma lissafi ne. Ka hau ka zauna daram a tsakiyar sirdi, kada ka karkata. Ka juya feda baya har ta kai inda ta fi nisa da sirdi, watau sa'ad da hannun feda ya yi layi ɗaya da bututun da ƙarfen sirdi ke shiga ciki. Sa'an nan ka aza dunduniyarka a kan feda. In sirdi ya yi daidai, ƙafa za ta miƙe sarai, dunduniya tana bisa feda, kai kuwa ba ka karkata ƙugu don ka kai ba. In akwai sauran lanƙwasa a gwiwa, sirdi ya yi ƙasa. In dunduniya ta rabu da feda, ko sai ka zame gefe kafin ka taɓa ta, ya yi sama. Ka sauka, ka sassauta notin da ke bakin bututu, ka ɗaga ko ka sauke, ka ɗaure, ka sake hawa. Ka gwada ƙafa biyu duka, domin akwai mutane da yawa da ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya, su ma ba su sani ba. In haka ne, gajeruwar a ke bi.

Amma fa dunduniya ta awo ce kurum. Wajen tuƙi, tudun nan na tafin ƙafa da ke gindin babban yatsa shi a ke azawa bisa tsakiyar feda. Da ka mai da ƙafa can, za ka ga gwiwa ta sami 'yar lanƙwasa kaɗan ko da feda ta sauka duka, wannan 'yar lanƙwasa kuwa ita a ke nema. Mutanenmu da yawa da tsakiyar tafin ƙafa su ke taka feda, musamman masu silifa, ko wanda robar fedarsa ta cinye ta bar ƙarfe tsirara. Wanda ya saba haka ya sani idon sawunsa ba ya taimakonsa da kome, cinya kaɗai ke aiki. Gara ya sayi sabuwar feda ya koyi takawa da gaban ƙafa. In kuwa ya ƙi, to, ya rage kamar rabin inci daga awon nan.

Na san abin da mai karatu zai ce: in na ɗaga sirdi haka, yaya zan tsaya? Gaskiya ne, a wannan tsawo sai dai yatsun ƙafa ɗaya su taɓa ƙasa, shi ma in ka ɗan karkata keken. Haka ya kamata. In za ka tsaya, sai ka ja birki, ka aza nauyinka bisa fedar da ke ƙasa, ka zame gaba ka bar sirdi, ka sauke ɗaya ƙafar. In za ka tashi, ka ɗago feda ɗaya sama ta ɗan yi gaba, ka taka ta da nauyinka, ita za ta tura keke ta kuma ɗaga ka zuwa bisa sirdi. Kwana biyu sun isa mutum ya saba, ya gwada a fili bayan gari inda ba mota.

LISSAFIN MASANA

Wanda ya ke son lamba, akwai ta. A 1967 waɗansu masana biyu, Hamley da Thomas, a garin Lafbara na ƙasar Ingila, suka ɗora mutane bisa keken gwaji wanda ba ya tafiya, suna canza tsawon sirdi suna auna aikin da kowa ya yi. Suka ga aiki ya fi fita in tsakanin saman sirdi da feda, sa'ad da ta ke can ƙasa, ya kai kashi 109 bisa 100 na tsawon cikin ƙafar mutum. Ga yadda a ke auna cikin ƙafa. Ka cire takalmi, ka tsaya ka jingina baya da bango, ka sa guntun katako tsakanin cinyoyinka ka ja shi sama sosai kamar yadda sirdi zai taɓa ka, gefensa yana manne da bango. A sa gawayi a yi alama a saman katakon, a ari tef ɗin tela a auna daga alamar zuwa ƙasa.

Ba sai an nemi alƙalami don kashi 109 ba. Ka raba awon gida 11, ka ƙara kashi ɗaya a kai, ka samu. Mai inci 33, kashi ɗaya cikin 11 inci 3 ne, sirdinsa inci 36 ke nan daga feda. Mai inci 30 zai sami inci 33 ba kwata. Mai aiki da santimita, in ya sami 84, to, nasa 91 da rabi ne.

Akwai wani lissafin kuma da ya yi suna ta bakin Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci babban tseren keke na zagaya ƙasar Faransa sau uku, a 1986 da 1989 da 1990. Shi a ninka tsawon cikin ƙafa da 0.883, a auna daga tsakiyar inda hannun feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Mutumin nan mai inci 33 zai sami inci 29 da ɗan ɗoriya. In ka haɗa da hannun feda mai inci 7, ka ga an komo 36 ɗin nan dai. Watau hanyoyin biyu gida ɗaya su ke sauka.

Sai dai lamba ba ta san tsawon tafin ƙafarka ba, ba ta kuma san ko jijiyoyin bayan cinyarka masu tauri ne ba. Shi ya sa masu kula da ciwon 'yan wasa suka fi son duban gwiwar kanta. A 1994 waɗansu daga cikinsu a Amurka suka ba da shawara cewa in feda ta sauka duka, lanƙwasar gwiwa ta kasance tsakanin digiri 25 da 35. Mai agogo zai gane wannan nan da nan. Hannayen agogo a ƙarfe 6 daidai miƙaƙƙen layi ne, ƙafa ta miƙe sarai ke nan. A ƙarfe 5 daidai kuwa sun kauce wa miƙewa da digiri 30. Ka sa wani ya tsaya a gefe ya dube ka kana tuƙi, in cinya da ƙwauri sun yi siffar ƙarfe 5, madalla. In sun yi ta ƙarfe 4, ko ta ƙarfe 3 kamar ta ƙaton nan da muka gani ran kasuwa, a ɗauko sifana. A ganina, manomi ya fara da dunduniya, ya tabbatar da agogo, ya isa. Tef ɗin tela amfaninsa ya fi yawa ran sayen keke, za mu kuwa zo kansa.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, yawanci samari, waɗanda su ke ɗaga sirdi don a ce sun iya. Alamar wannan daga baya a ke ganinta: mazaunai suna zamewa dama da hagu bisa sirdi duk takawa ɗaya, yatsun ƙafa suna miƙewa ƙasa suna laluben feda. Ladansa shi ne ciwo a bayan gwiwa ko a agara, da ciwon ƙugu, da saɓulewar fata tsakanin cinyoyi, musamman da bazara in gumi ya haɗu da guga. Dokar da makanikai da mahaya suka daɗe da riƙewa ita ce, ciwo a gaban gwiwa a ɗaga, ciwo a bayanta a sauke.

Wanda ya yi shekaru da gajeren sirdi kada ya ɗaga inci 3 rana ɗaya. Jijiyoyinsa sun saba da wancan zama, in ya miƙe su farat ɗaya zai kwana da ciwo, ya ce maganar banza aka gaya masa. Ya ɗaga rabin inci, ya yi mako guda, ya ƙara, har ya kai. In ya kusa, ya koma kwata kwata na inci. Gwiwar da ta kumbura kuwa, ko ta ke zafi ko ba a hau keke ba, wannan ta wuce sifana, sai asibiti.

MAI ƊAUKAR KAYA

Duk lissafin can na sama an yi shi ne da mutanen da ba sa ɗaukar kome sai jikinsu. Namu keken kuwa jaki ne. Buhun masara, jarkunan ruwa, damin itace, kwandon tumatir, wani lokaci da akuya a ɗaure a bisa. Hanya kuma yashi ce, ko burtali mai kwazazzabai. Keke mai nauyi a kariya in ya shiga yashi gabansa kan yi sauƙi ya fara rawa, in ya fara karkata kuma yatsan ƙafa ba zai tare shi ba. A nan lalle akwai hujjar sauke sirdi, ba ni musu. Abin da na ke musu shi ne yawan saukewar. Rabin inci zuwa inci ɗaya ƙasa da awon dunduniya ya isa ya ba mutum damar kai gaban ƙafarsa ƙasa da sauri, ba tare da ya mai da shi tsugune ba. Abin da ya wuce haka ba ya ƙara tsaro sosai, gama abin da ke riƙe keke mai kaya shi ne mutum ya zame daga sirdi ya tsaya da ƙafa biyu, sanda tana tsakanin ƙafafunsa. Kayan ma a ɗaure su ƙasa ƙasa, a matso da su kusa da sirdi, in da hali a raba gida biyu dama da hagu. Inda yashi ya yi zurfi kuwa, sauka a tura ba abin kunya ba ne.

A tuna kuma sirdin manyan kekuna yana da sifirin a ƙarƙashi, ya kan nutse in an zauna. Awon dunduniya ya riga ya lissafa wannan, tun da a zaune a ke yinsa. Mai awo da tef shi ne zai ƙara ɗan abin da sirdin ke nutsewa.

Yanzu ga maganar sayen keke. Raleigh na garin Notingam, wanda mu ke kira Rali, har masana'antarsa aka taɓa kafawa a Kano, babban samfurinsa iri biyu a kan yi shi, mai inci 22 da mai inci 24. Phoenix na Shangai da Hero na Indiya da sauransu siffarsa suka bi. Lambar nan tsawon bututun sirdi ce, daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa bakinsa na sama. Sirdi mai sifirin shi kansa yana da tsayin wajen inci 3. To, a ɗauki gajeren mutum mai cikin ƙafa inci 29. Bisa lissafin LeMond yana bukatar inci 25 da rabi da ɗan kai. In ya sayi mai inci 24 don a ce ya sayi babba, ko ya sauke sirdi har ƙarshe zai sami 27, keken ya fi ƙarfinsa ke nan har abada, ba sifanar da za ta gyara. Mai inci 22 ne nasa. Kafin ka biya kuɗi, ka ƙetara sanda ka tsaya da ƙafa biyu a ƙasa. In sandar tana taɓa ka, ka bar shi. Dattijo, ko mai yawan hawa da sauka da kaya, ya duba irin marar sanda wanda a ke kira keken mata. Sunan ne kawai, aikinsa ɗaya.

Dogon mutum a kan ƙaramin keke shi kuma nasa haɗarin dabam ne, ya kuwa fi muni. Zai yi ta jan ƙarfen sirdi sama har ya rage ɗan guntu a cikin bututu. Ran da ya faɗa rami da nauyi, ƙarfen ya lanƙwashe, ko ya tsaga bakin bututun, keke ya tashi daga aiki, mai shi ma Allah ya kiyaye. Ƙarafan sirdi na yanzu suna da layi da aka zana a jikinsu, ba a yarda layin ya fito waje ba. In naka tsoho ne marar layi, ka bar aƙalla inci 3 a ciki. In bai kai ba, a sayi dogo, a kuma tafi da tsohon kasuwa a gwada kauri, domin kaurinsu ya bambanta da ɗan abin da ido ba ya gani. Wanda ya yi siriri zai riƙa zamewa, mai gyara ya yi ta matse noti har kunnuwan bututu su haɗe su lalace. Kada a yarda a cusa ƙusa ko guntun gwangwani a ce an gyara.

Tsawo shi ne babba, amma akwai ƙanana biyu da ke tafiya tare da shi. Na farko kwanciyar sirdi: ya kwanta sosai kamar tebur. In hancinsa ya dubi sama zai danne inda bai kamata ba, har wurin ya yi sanyi ya mutu, abin da mazaje ba su cika son faɗi ba. In ya dubi ƙasa mutum zai yi ta zamewa gaba, nauyi ya koma wuyan hannu da kafaɗa. A aza katako bisa sirdin a duba da ido daga gefe. Na biyu, sirdi yana matsawa gaba da baya bisa ƙarafan da ke ƙarƙashinsa. Ka sa fedoji su yi daidai da juna, ɗaya gaba ɗaya baya, ka saki zare mai ɗan dutse daga gaban gwiwar da ke gaba. In zaren ya sauka kusa da tsakiyar feda, ya yi. Wanda ya matsar da sirdi baya da yawa ya ƙara nisa da feda, sai ya sake awon dunduniya.

Sirdin fata, irin wanda kamfanin Brooks na Bamingam ya fara yi tun wajen 1882, yana da nasa hali. Fata kan saki da daɗewa, tsakiya ta lotsa, mutum ya sauka rabin inci bai sani ba. Akwai noti a ƙarƙashin hancinsa na jan fatar, a juya shi kaɗan, kamar kwatan zagaye, kada a matsa har ta yage. Ruwan sama shi ne babban abokin gabansa. Da damina a rufe shi da leda in an ajiye keke a gona, in kuwa ya jiƙe a bar shi ya bushe a inuwa kafin a hau.

A gidaje da yawa keke ɗaya ne, maigida ya je gona da safe, yaro ya kai niƙa da rana, ƙane ya tafi kasuwa da yamma. Ba zai yiwu tsawo ɗaya ya yi wa duka ba, abin da a kan yi kuwa shi ne a sauke don yaro, babba ya cutu. Gara kowa ya yi awonsa sau ɗaya, a sa fenti a yi masa alama a jikin ƙarfen sirdi, a rataye sifana a ƙarƙashin sirdin. Fenti fa na ce, kada a sa zarto ko magagari, domin daga irin wannan tsaga ƙarfe ke fara karyewa. Yaron da ke girma a sake auna shi kowace kaka. Wanda ƙafarsa ba ta kai feda ko an sauke sirdi duka, har sai ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda yana tuƙi a karkace, ya yi wasansa a ƙofar gida, amma kada a aike shi bisa titin mota a haka, gama hannunsa ba ya iya jan birki sosai yana rataye a gefe.

In an zo kwancewa, a nemi sifanar da ta kama noti daidai. Notocin tsohon Rali awon Ingila ne na da, sifanar milimita ba ta cika kama su sosai ba, filaya kuwa cinye kusurwoyinsu ta ke yi. Keken da ya shekara a bayan rumbu sau da yawa za a tarar ƙarfen sirdinsa ya yi tsatsa ya manne. Kada a sa guduma a buga shi ciki. A sassauta noti, a ɗiga kananzir ko baƙin mai a bakin bututu, a bar shi ya kwana, da safe a kama sirdi da hannu biyu a murɗa dama da hagu ana ja sama. In ya fito a goge tsatsar da yashi mai laushi ko takardar guga, a shafa giris kaɗan kafin a mayar, a daidaita hancin sirdi da sanda, sa'an nan a ɗaure.